Tambayoyi Uku Kafin Yanke Hukunci Kan Sauyin Tallafi

 

Malamanmu, shugabannin kwamitocin masallatai da masu ba da gudummawa,

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500. A watan Yuni aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. A watan Oktoba gwamnati ta sanar da bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata, har wata uku. Kafin mu yaba ko mu kushe irin wannan sauyi, muna auna shi da tambayoyi uku.

Ta farko: a kan wa nauyin ya faɗa? Mai mota da janareta ya fi kowa cin moriyar tallafin, amma da aka janye shi kuɗin mota da na abinci suka tashi, alhali mafi yawan samun talaka a abinci yake ƙarewa.

Ta biyu: me aka ba shi a madadi, kuma na tsawon wane lokaci? Tsadar ta zo nan take ta zauna, agajin kuwa ya biyo baya da wa'adi.

Ta uku: ta yaya ake gane mabuƙaci? Idan sai da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki, gwauruwar ƙauye na iya faɗuwa daga rajista. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, amma nemo su gida-gida aikinmu ne.

Sauyin ya taɓa mu ma. Nisabin kuɗi dinari 20 ne na zinariya, don haka faɗuwar naira ta ɗaga shi. Wani mai fitar da zakka ya koma ƙasa da nisabi, a daidai lokacin da masu neman ta suka ƙaru.

Saboda haka muna roƙon kowane kwamiti ya sabunta sunayen mabuƙatan unguwarsa kafin azumi. Masu hali kuma su ƙarfafa waƙafi, domin amfaninsa ba ya jiran cikar nisabi.