Guzurin Komawa Gida

(Jawabin wani ɗalibin ajin ƙarshe na Jami'ar Azhar a taron ban kwana na ɗaliban Nijeriya a Alkahira)



An umurce ni in yi magana a madadin 'yan ajin ƙarshe, watau mu da ya rage mana 'yan watanni mu naɗe tabarmarmu mu bar ƙasar Masar. Akwai waɗanda suka fi ni sani da iya magana a cikinmu, amma bin na gaba bin Allah ne, don haka na miƙe.

Duk wanda ya zaga ɗakunan Bu'us ko gidajen haya na Hayyul Ashir a 'yan kwanakin nan ya san hirar 'yan ajin ƙarshe ta sake. Da gardamar nahawu da ta ƙwallo ake yi har tsakar dare. Yanzu kuwa da an zauna sai zancen tsadar abinci a gida, da rashin aiki, da wane wanda ya koma tun bara har yau yana zaune. Sai ka ga saurayi mai jini a jika ya yi tagumi kamar an aiko masa da mutuwa.

Lalle tsoron nan yana da dalili. Yawancinmu mun baro gida ana sayar da dalar Amurka ƙasa da naira 500 a farashin Gwamnati. A watan Mayu na 1923 ba a haifi kakanninmu ba, amma a watan Mayu na 2023, muna nan muna karatu, aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta wuce naira 1,500. Gidan da muka bari da wanda za mu tarar sun bambanta. To, amma mu tuna nan ma ba a tsira ba, gama a watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala guda, mun kuwa ji a jikinmu wajen kuɗin haya. Saboda haka in na ji ɗan'uwa yana neman dabarar da zai ƙara shekara don a sabunta masa iƙama, sai in ce a raina wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Zaman mutanenmu a wannan birni ba yau aka fara ba. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa wa ɗalibansu makaranta a Alkahira, daga baya kuma Barebari suka sami ruwaƙinsu a cikin masallacin Azhar. A ƙarni na 18 Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya sauka nan bayan ya yi aikin hajji. Gwani ne a ilmin lissafi da hatimi da taurari, har malaman Masar suka zauna gabansa. A nan ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan. Muna alfahari da shi ƙwarai. Amma ku tambayi ɗalibi goma a Katsina yau ku ji ko guda zai ce ya taɓa ganin littafinsa. Masar ta sha romon, mu kuwa suna kaɗai ya iso mana.

Ku dubi kuma waɗanda suka koma. Malam Aminu Kano ya tafi London a 1946 ya karanci aikin koyarwa, bai daɗe ba ya dawo, a 1948 ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, a lokacin da ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ɗaga ido gaban hukumar En'e. Malam Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakhtar Ruda ta Sudan, ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962, ya kuma fassara Alƙur'ani da Hausa. Ba wanda ya shimfiɗa musu darduma a filin jirgi. Ƙasar da suka koma ta fi tamu ƙarancin makarantu da asibitoci da hanyoyi nesa ba kusa ba.

Akwai wata ni'ima kuma da muke mantawa. Sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, 'yan'uwanmu ɗaliban can ba su sami taro irin wannan ba. Motoci aka zuba su, suka yi kwana da kwanaki a kan iyaka cikin rairayi kafin a bar su su shigo Aswan a kwashe su zuwa Abuja, wasu ko takardunsu ba su ɗauko ba. Mu kuwa mun san ranar tafiyarmu, muna da watanni a hannu. Abin da za mu yi da watannin nan shi ne zai kwantar mana da hankali, tun da yake mai abin yi ba ya samun lokacin tagumi.

Farkon abin yi takardu. Kada kowa ya hau jirgi sai shahadarsa da takardar sakamakonsa na kowace shekara sun sami hatimin jami'a, da na Ma'aikatar Harkokin Waje ta Masar, da na ofishin jakadancinmu, an kuma fassara su da Turanci. Aikin da za ka gama cikin mako biyu da ƙafarka, in ka bar wa wani sallahu sai ya ci shekara. A Abuja Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ce ke auna takardun waje. Hukumar Bautar Ƙasa kuma takan nemi ganin fasfo da bizar karatu da tambarin fita da shiga, don haka tsohon fasfo da ya cika kada a yar, a adana shi kamar takardar gado. Da yawa cikinmu mun ci shekaru a ma'ahad kafin mu shiga kulliya. Wanda ya haura shekara 30 ranar da ya gama, takardar afuwa za a ba shi, sai ya san haka tun yanzu. Likitocinmu akwai jarrabawar Majalisar Likitoci tana jiransu, masu son aikin lauya kuma dole su bi ta Makarantar Lauyoyi. Littattafan jarrabawar nan a fara buɗe su tun a nan.

Sa'an nan batun abinci. Alawus ɗin bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a 2025, kuma shekara ɗaya tak ake biya. Bayansa fa? Mu 'yan Larabci da Shari'a mun saba ɗaukar cewa ƙofa biyu gare mu, aji ko limanci. Su biyun duk masu daraja ne, amma an sami ƙari. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba da ruwa ba, wasu bankuna sun biyo shi, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi. Babin ciniki da muka haddace don jarrabawa yanzu ana neman wanda ya san shi, in ya haɗa da Turanci da ɗan lissafin kuɗi. Ga kuma dubban rubuce-rubucen kakanninmu na Larabci da ajami a Gidan Arewa na Kaduna da Sakkwato da gidajen malamai, suna jiran mai karanta su ya tace su ya buga. Wanda Turancinsa ya yi tsatsa, watannin nan sun isa ya goge shi.

Abu guda nake jin tsoro fiye da rashin aiki, shi ne girman kai. Mun san irin mutumin da kan koma gida ba ya buɗe baki sai ya ce "a Masar kaza ake yi", ya raina malamin zauren da ya koya masa Ahalari da Ishmawi, ya shiga gyara wa limamin unguwa karatu a gaban jama'a. Cikin wata uku sai ka ga kowa ya janye jikinsa, ilmin ya zauna a ɗaki tare da mai shi. Tsohon nan na zaure ya san mutanensa, mu kuwa shekara biyar ko bakwai ba mu nan. Sai mun zauna mun saurara tukuna, mu gane abin da ya sake, kafin mu ce za mu gyara wani abu.

Ina da roƙo guda ga shugabannin ƙungiyarmu. A buɗe littafi a rubuta sunan duk wanda zai koma bana, da garinsu, da fannin da ya karanta, a kuma nemi waɗanda suka riga mu komawa su aiko da bayanin yadda suka bi da takardunsu, ofis bayan ofis, da abin da suka kashe. In an yarda, mu 'yan ajin ƙarshe za mu fara sa sunayenmu kafin a tashi daga wannan taro.

Malamanmu, Allah ya saka muku da alheri. Ƙannenmu da za mu bari, duk wanda muka saɓa wa ya yafe mana.