Injin Kafinta da Ke Kwance a Sito: Lacca a Kan Gyara da Riƙon Amana

Allah ya ja zamanin iyayen ƙasa, ya ƙara wa malamaina daraja. Kafintoci da kanikawa na Isa da Sabon Birni da kuka rufe shaguna kuka zo, na gode. Ma'aikatan ilimi da suka taso daga Sakkwato kuwa ina yi musu maraba ta daban, domin rabin maganata da su nake, sun kuwa san haka tun kafin su hau mota.

Ba zan ɓata muku lokaci da tarihin Gobir ba, domin mutanen da kakanninsu suka ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, sa'an nan suka sake kafa gari a Tsibiri, suka kuma kafa Sabon Birni, ba su bukatar wani ya karantar da su ma'anar tayar da abin da ya rushe. Halin rashin tsaro da hanyoyinmu suke ciki kuma kowa ya san shi fiye da yadda zan iya faɗa. Mas'alata ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce inji guda ba.

Tun da aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, aka kuma soma aiki da tsarin nan na 6-3-3-4 a 1982, wanda ya shar'anta cewa kowane yaro na ƙaramar sakandare zai taɓa zarto da guduma kafin ya wuce, gwamnati ta shigo da injuna masu yawan gaske daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hungari da Cekoslobakiya, aka rarraba su makarantu a cikin akwatunan katako, alhali kuwa mafi yawan makarantun nan ba su da ɗakin aiki, ba su da lantarki, ba su da malamin da ya taɓa ganin irinsu. A ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato, aka sake manhaja, aka sake sunayen darussa, akwatunan nan kuwa ko motsi ba su yi ba. Shekaru ke nan ina jayayya da abokan aikina a kan makomarsu. Su ra'ayinsu a ɗauke su matattu, a rubuta takarda a nemi sababbi. Ni kuwa na ce ba a yi wa mai rai salla, kuma hujjata ita ce abin da na yi da hannuna.

A wata makaranta ta wannan yanki, wadda ba zan kira sunanta ba, na tarar da inji irin wanda ake kira mai aiki biyar: gangar jiki ɗaya, amma yana tsaga katako da zarto mai zagaye, ya goge fuskarsa, ya fere shi zuwa kaurin da ake so, ya fitar da ado a gefensa, ya kuma huda ramin da ake haɗa ƙafar kujera ko gindin ƙofa. Wani bawan Allah ya taɓa kwance shi da niyyar gyara, kafin ya gama aka yi masa canjin wurin aiki, ya bar shi a warwatse: teburan a jingine da bango, notuna a cikin gwangwanin madara, zanzaro ya yi gini a cikin motar da ke juya shi, littafin bayani kuwa gara ta riga mu karanta shi. Mai kula da sito ya nuna mini inda aka rubuta a rajista cewa ya lalace ba ya gyaruwa, na tambaye shi wane bakanike ya yanke wannan hukunci, ya ce akawu ne.

Malaman fiƙihu sun koya mana rarrabe asali da far'i, kuma da wannan ƙa'ida nake so ku dubi inji. Asalinsa shi ne gangar jikin nan ta ƙarfen zubi, da teburan da aka goge su a masana'anta har suka yi sumul, da shaf ɗin da ke ɗauke da wuƙaƙe. A nan tsadar take, kuma waɗannan, muddin ba su tsage ba ko su lanƙwashe, shekara arba'in a sito ba ta yi musu komai sai tsatsa ta sama, wadda kananzir da samfefa da haƙuri suke kawarwa. Far'insa kuwa shi ne boris da bel da wuƙaƙe da wayoyi da giris, abubuwan da tun asali maƙerin ya yi su domin su ci su ƙare a sake su, kamar yadda ake sake wa doki linzami ba tare da an yanka dokin ba. Duk injin da aka ce mini ya mutu, in na duba, a far'i nake samun illar, kuma wanda ya jefar da asali saboda lalacewar far'i ya yi kuskuren da ɗalibin Ahalari ma ba zai yi ba.

Bari in tsaya a kan boris, domin a nan ne masu cewa ba a samun kayan gyara suke faɗuwa. Kowane boris yana da lamba a gefensa, lambar nan kuwa duniya ta yi ittifaƙi a kanta, babu ruwanta da ƙasar da aka ƙera injin. Idan ka goge ka ga 6205, to ka ɗauki lambobi biyu na ƙarshe ka ninka su sau biyar, ka sami milimita 25, shi ne faɗin ramin da shaf ke shiga. Faɗinsa na waje milimita 52 ne, kaurinsa 15, ko a Bulgeriya aka yi shi ko a Sin. Irinsa yana nan cikin motocin lantarki da injunan ban ruwa da muke gani kullum a fadamun Rima da Bunsuru, yana nan a kasuwar Sakkwato, yana nan a Ƙofar Ruwa ta Kano, yana nan a Maraɗi. Bel ma haka, akwai harafi da lamba a bayansa, in sun goge ka auna da igiya. Cekoslobakiya ta rabu gida biyu tun 1993, amma boris ɗin injinta bai sami labari ba.

Tartibin aikin shi ne ilimin. Kafin mu ɗaura noti ɗaya, ni da ɗalibai shida da wani bakanike mai gyaran injin niƙa, sai da muka shimfiɗa tabarmi, muka jera kowane ƙarfe, muka wanke shi, muka nemi ɗan'uwansa ta alamar da tsohon fenti da tsohon mai suka bari, domin ƙarfen da ya zauna kan ƙarfe shekaru yakan bar sawu kamar yadda goshi ke nuna sujada. Na hana kowa kusantar teburan da injin gurza na masu walda, saboda abin da ya ci a daƙiƙa ɗaya ba ya dawowa har abada; samfefa muka naɗe a jikin katako miƙaƙƙe muka yi ta gogawa da kananzir kwana huɗu. Daga ƙasa muka soma haɗawa zuwa sama: gangar jiki ta zauna daram a kan siminti, sa'an nan shaf da sababbin boris, waɗanda ba a dukansu da guduma kai tsaye, sa'an nan sarƙa da sandunan da ke jan katako, sa'an nan tebura, wuƙaƙe kuwa su ne ƙarshe. Noti biyu suka ɓace, mai walda ya ce zai liƙe wurin kawai, na ce masa abin da aka yi domin a kwance ba a liƙe shi, muka jira mako guda aka kawo mana su daga Gusau.

Ɗaura wuƙaƙe shi ne jarrabawar, kuma a nan ne na ga yara sun fahimci abin da shekara uku ta allo da alli ba ta koya musu ba. Sharaɗin shi ne bakin kowace wuƙa, sa'ad da ta kai ƙololuwar juyawarta, ya yi daidai da teburin da katako ke fita a kansa. Ana aza sanda miƙaƙƙiya a kan teburin, a juya shaf da hannu, wuƙar ta ɗan ɗauki sandar ta matsar da ita gaba kamar milimita biyu ko uku. A gwada a wannan gefe, a gwada a wancan, a gwada kowace wuƙa, sai duka sun yi magana ɗaya. In teburin ya yi ƙasa, injin zai ƙwaƙule ƙarshen katakon; in ya yi sama, katakon zai fito kai da sirantaka wutsiya da kauri. Yaron da ya ga haka da idonsa, ya gyara da hannunsa, ya kuma gane cewa kaurin takarda ɗaya yana raba aiki nagari da ɓatacce, wannan yaro ya shiga ƙofar handasa, ko da bai san sunanta ba. Ibn Haldun ma, a babin da ya keɓe wa sana'ar kafinta cikin Muƙaddima, ya danganta ƙwarewa a cikinta ga sanin handasa. Da sabon inji aka kawo musu a ɗaure, da babu abin da za su koya sai danna makunni.

Sai zancen lantarki, wanda shi ne mafakar abokaina ta ƙarshe. Gaskiya ne motar irin wannan inji tana son wuta mai layi uku, gaskiya ne kuma garuruwanmu sun fi sanin sandunan lantarki a kan lantarkin kansa. Amma ina tambaya: da me ake niƙa gero da dawa a Gatawa da Bafarawa da Turba? Da injin gas ne da bel, kuma shaf ɗin kafinta bai damu da abin da ke juya shi ba, gudu kawai yake nema. Lissafin ba ya wuce na firamare: in abin da ke ja yana juyawa sau 1450 a minti, kana son wuƙaƙe su yi wajen 4350, sai fulin da ke ja ya ninka na shaf sau uku a faɗi, misali inci 12 da inci 4. Bakaniken niƙa ya san wannan tun yana yaron shago. Abin da na wajabta kawai shi ne a rufe bel da murfi, a yi hanyar sake shi nan take, a kuma tabbatar da wajen da shaf ke juyawa kafin wuƙa ta hau.

Masu cewa tsohon inji yana yanke yatsu, sabo ma yana yankewa. Abin da ke tsare yatsa shi ne murfin wuƙa, da ƙarfen nan da ke tsaye bayan zarto yana hana katako matse shi ya harbo, da sandar turawa, da malami a tsaye, kuma duk maƙeranmu suna iya ƙera ukun farko. Masu cewa a bari sai zaman lafiya ya dawo, tsatsa ba ta jiran sulhu. Abu ɗaya na yarda da shi: in gidan boris ya tsage a jikin ƙarfen zubi, ko shaf ya lanƙwashe, to wannan a yi masa addu'a, a cire sassansa masu kyau a ajiye wa 'yan'uwansa. Dalilin da ya sa takardar sayen sabo take gudu a ofis, ta gyara kuma take rarrafe, ba zan faɗe shi a gaban iyayen ƙasa ba, sai dai kowa ya san babu kwangila a cikin galan ɗin kananzir.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya kuma ambaci kafintoci a jerin waɗanda jama'a ba ta wadatuwa ga barinsu. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne, malamai kuma sun sanya sana'o'i cikin farillan kifaya, sun sanya tozarta dukiya cikin abubuwan da aka hana. Masassaƙanmu har gobe suna fitar da turmi daga ƙirya da allo daga aduwa da gizago, Allah ya yi musu albarka, amma benci da ƙofa da taga suna son katako gogagge, wanda yanzu sai an ɗauko shi daga Sakkwato ko Gusau a kan hanyar da kuka sani, alhali samarin da aka raba da gonakinsu suna zaune a gindin dogon yaro hannu rabbana.

Abin da nake nema tsohon zance ne, na sha rubuta shi. A ƙidaya abin da ke cikin kowane sito na makarantun Isa da Sabon Birni, mai ƙidayar kuma ya zama bakanike da kafinta, akawu ya riƙe alƙalami kawai. Kada a sake sayar wa 'yan gwangwan ko ƙarfe ɗaya sai waɗannan biyun sun sa hannu. Kuɗin boris da bel a damƙa su ga shugaban makaranta, ya kawo rasit, maimakon takarda ta yi wata shida tana yawo. Gyaran kuwa a yi shi a gaban ɗalibai da hannunsu, ko da zai ci zango guda, kwalejin koyon sana'a ta Bafarawa ta ba da aron malamanta. In inji ya tashi, a bar kafintocin gari su zo da katakonsu bayan la'asar su biya ɗan abin da zai sayi man gas da wuƙa ta gaba.

Ranka ya daɗe shugaban taro, akwai sito biyu da na sani a tsakanin nan da Sabon Birni, waɗanda aka ce makullansu sun ɓace. Ina roƙon a ba ni izini a rubuce kafin baƙinmu na Sakkwato su tashi, makulli kuwa akwai maƙeri a cikin ɗakin nan.