Hoton da Ke Auna Ciwo

Wasu 'yan kasuwarmu da ke sauka a International City ta Dubai, kusa da Dragon Mart, kan haɗa sarin kaya da duba lafiya. A can sukan ji labarin hoton PET. Ana yi wa majiyyaci allurar sukari mai ɗauke da fulorin-18, na'ura ta auna yawan sukarin da ƙarin daji ke zuƙa. Da wannan lissafi likita ke gane ko magani na ci, ya daidaita shi da jikin mai shi. Sinadarin na rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, don haka dole a sarrafa shi kusa da asibiti. Mu matsa a kafa wannan aiki a Arewa, domin talaka ba ya da kuɗin jirgi.