Jawabin Ƙaddamar da Dashen Itatuwa a Samaru da Sabon Gari

   

Mutumin Samaru ba baƙon lissafin damina ba ne. Tun 1922 ake binciken noma a wannan gari, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cibiyar binciken noma ta IAR ta daɗe tana fitar da irin masara da dawa da wake masu saurin nuna, saboda damina ba kullum take cika alkawari ba. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Yaranmu kuwa sun ga 2024, wadda masana suka ce ta fi duk shekarun da aka auna kafin ita zafi, kuma a watan Satumbarta madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Hayaƙin fetur da kwal da gas ne ke taruwa a sama ya riƙe zafi, kamar a lulluɓe mutum da bargo a bazara. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, shi ya sa ruwa kan yi jinkiri, in ya tashi zuwa kuma ya zo da fushi.

Wani zai ce, kuma da hujjarsa, hayaƙin da Afirka duka ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, don me za a ɗora wa mai ƙosai a Kwangila laifin masana'antun Amurka da Sin? Ba a ɗora mata ba. Manyan ƙasashe sun ɗauki alkawarin rage hayaƙi a Paris a 2015, kuma bashi ne a kansu. Sai dai bin bashi ba ya hana mai gida toshe yoyon ɗakinsa. Ledar fiya wata da ta cushe kwalbati har ruwa ya shiga shaguna, ba daga Turai aka jefo ta ba. Bolar da ake cinna wa wuta da yamma, hayaƙinta ƙirjin 'ya'yanmu yake fara shiga kafin ya kai sama.

Za a kuma ce gas ya yi tsada, shi ya sa buhun gawayi ya dawo ƙofar gidaje. Gaskiya ne, kuma rashin kunya ne a yi wa mai neman na cefane wa'azin gas. Amma ku dubi murhun dutse uku: harshen wuta yana lasar gefen tukunya, yawancin zafin iska ke kwashewa. Murhun laka da aka kewaye, busasshen icce, marfi a kan tukunya, wake da aka jiƙa tun dare, duk suna rage itace, kuma uwargida ce ke fara ganin ribar a kuɗin cefane.

Sauran batun dashen da ya tara mu. An sha raba tsirrai ana ɗaukar hoto, kafin hunturu ya wuce awaki sun gama da su. Ku dubi manoman Maraɗi. Tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suna zaɓar tsiro mai ƙarfi su sassabe saura, har gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Reno ne ya yi wannan aiki. Don haka duk wanda zai karɓi tsiron mangwaro ko dogon yaro a yau, mai unguwarsa zai rubuta sunansa. Wanda ya karɓa ya kewaye tsiron da ƙaya ko tsohon kwando, ya riƙa zuba masa ruwan alwala da na wankin shinkafa har damina ta sauka. In Allah ya kai mu baɗi, rayayyu za mu ƙirga.

Da sunan Allah nake ƙaddamar da wannan aiki. Allah ya sa masa albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.