Ganye Mai Dafi da Saƙon Waya: Jawabi ga Makiyaya da Fataken Shanu a Rumde Ajiya, Garwa

Iyayenmu dattawa, arɗo-arɗo da jauro-jauro, sarakunan tike da na fawa, 'yan'uwa makiyaya, fatake da dillalai, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro iyali da dukiya lafiya. Mun san wasu sun bar garke a hannun yara, wasu kuma sun bar ciniki, saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba.

Abin da ya tara mu a nan Rumde Ajiya magana ce guda ɗaya, wato yadda za mu riƙa gargaɗin junanmu game da tsire-tsire masu kashe dabbobi, yanzu da labari ya koma tafiya ta waya. A da, in shanu sun mutu a wani daji, sai ranar kasuwa a Pitowa, ko Adumri, ko Ngong, labarin zai iso, kuma wanda ya kawo shi yana tsaye a gabanka, ka san shi, ka san ubansa, kana iya yi masa tambaya. Yau kuwa saƙon murya ɗaya a WhatsApp yana zagaye Binuwai, da Faro, da Mayo Rey kafin a gama tatsar safe, ba a san wanda ya faɗa ba, ba a san ranar da aka faɗa ba. Wannan sauri yana iya ceton garke, yana kuma iya kashe kasuwa, ko ya haɗa mu faɗa da maƙwabtanmu manoma, ko ma ya kai mutum gidan yari.

TSIRE-TSIREN DA ZA A KIYAYA

Bari mu fara da tsire-tsiren kansu, don kaka ta wuce, rani na tafe, kuma yawancin ɓarnar a wannan tsakani ake yin ta.

Na farko shi ne gyauron dawa. Bayan an girbe dawa, ko masakwa, in ƙasa na da sauran laima sai gindin karan ya sake toho. Wannan ɗanyen toho yana ɗauke da wani sinadari wanda in ya shiga tumbi yakan rikiɗe ya zama dafin da masana ke kira sayanayid. Aikin wannan dafi shi ne ya hana jiki amfani da iskar da dabba ta shaƙa. Sai ka ga saniya tana haki, tana dalala, tana tangaɗi, ta faɗi, wani lokaci cikin mintoci kaɗan, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu. Jininta yakan zama ja jawur. Haɗarin ya fi yawa in tohon bai kai gwiwa ba, ko ya yi yaushi saboda fari, ko kuma an kora masa shanu da yunwa. Karan da ya bushe sarai dafinsa yakan ragu ƙwarai. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci shi ma irin wannan dafi gare shi.

Na biyu, tururubi, wanda likitoci suka sani da sunan Gnidia kraussiana. Ɗan tsiro ne mai fure rawaya, wanda yakan riga ciyawa fitowa bayan an ƙone daji. Dabba ta ga kore a tsakiyar toka, sai ta kai baki. Yana ƙona hanji, ya kawo zawo mai tsanani, ya kashe. Duk wanda zai bi sabon toho a ƙonannen daji, ya fara zagayawa da ƙafa kafin ya saki shanu.

Na uku, samberu. Itace ne na daji wanda dafin ganyensa zuciya yake kamawa. Shanun da suka tashi a inda yake sukan guje shi, amma baƙin shanu, da na fatake waɗanda aka koro daga nesa da yunwa, su ne suka fi faɗa masa. Haka nan tumfafiya, da zurma, da duman rafi na bakin mashaya, wanda ke sa dabba makyarkyata da tangaɗi. Dabba mai ƙoshi ba ta cika kula su ba, yunwa ce ke kai ta.

Masu gangarawa kudu, wajen Maiganga da gaba, sun san ciyawar nan da ake kira Bokasa, wadda ta cinye makiyaya da dama. Ɗanyen tohonta yana tara gishirin naitiret, irin na takin zamani, kuma dabbar da wannan gishiri ya kama jininta yakan koma ruwan ƙasa-ƙasa. Har ila yau kada mu manta muna zaune a ƙasar auduga, inda kamfanin SODECOTON yake da babban ofishinsa a nan Garwa. Gurya abinci ce mai kyau ga manyan shanu, amma tana cutar da ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba. Galan na maganin feshin auduga kuwa, in aka wanke shi a mashaya, ya isa ya kwantar da garke.

HOTO BA YA FAƊIN DALILI

To, a nan ne maganar waya ta shigo. Saniyar da gyauro ya kashe, da wadda naitiret ya kashe, da wadda ta sha maganin feshi, da wadda ciwon saifa ya kashe, duk kamarsu ɗaya ce a hoto: ga ta kwance, ciki a kumbure. Amma allurar da likita zai yi wa ta farko daban take da ta biyu, ta ƙarshen kuwa ba ta da alaƙa da ganye ko kaɗan.

Ciwon saifa shi ne abin tsoro. Alamarsa mutuwar farat ɗaya, da baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci, ko baki, ko dubura. In aka farke irin wannan mushe, ƙwayoyin cutar sukan shiga ƙasa su zauna shekaru masu yawa, kuma suna kama mutum, tun daga mai fiɗa har mai cin naman. Yanzu a ce wani ya ga hoton, ya aiko da murya cewa ai ganye ne, a yanka a sayar kada a yi asara. Wa zai ɗauki alhakin mahautan da iyalansu? Dokar ƙasa ta ranar 16 ga Afrilu 2001 ta wajabta sanar da hukuma cututtukan dabbobi masu yaɗuwa. Kuma mu mutanen Garwa ba mu da uzuri, don ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, wanda aka kafa a 1983, yana Bokle, nan kusa da mu. A can ake gwada jini, a can ake haɗa alluran rigakafin saifa, da harbin daji, da ciwon huhu.

Akwai kuma masu aiko da magani ta waya: a ɗura manja, a ɗura madara, a ɗura kanwa. 'Yan'uwa, dabbar da take haki, ko ta riga ta faɗi, ba ta iya haɗiya daidai. Abin da aka ɗura mata yakan bi ta maƙogwaro ya sauka huhu, sai wadda da za ta tashi ta mutu da ɗurin. Abin yi shi ne a janye sauran shanu daga wurin nan take, a kai marar lafiyar inuwa, kada a kore ta da gudu, a kira malamin dabbobi, a ajiye masa reshen abin da ake zargi.

ABIN DA DOKA TA CE

Wasunmu na tsammanin maganar waya iska ce. To, a sani, Kamaru tana da doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 a kan laifuffukan intanet. Sashe na 78 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, da tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga cikin biyun, ga wanda ya watsa labari ta waya ko intanet alhali ba zai iya kawo shaidar gaskiyarsa ba, ko ya nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata shi. In an yi da nufin ta da hankalin jama'a, hukuncin ninki biyu ne. Masu waya za su tuna a watan Janairu 2017 an yi ta aiko wa mutane saƙon tunatarwa a kan wannan hukunci. Dokar ta haɗa da wanda ya ƙaga labari da wanda ya tura shi gaba. Kowa ya lissafa bijimai nawa zai sayar kafin ya haɗa miliyan 5. Bugu da ƙari, tun Disamba 2019 dokar hukunta laifuffuka ta sa zagin ƙabila da cusa ƙiyayya a kanta cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kai.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Shanu biyar su mutu a gefen gona, kafin likita ya iso an riga an watsa cewa manoma ne suka zuba guba, an ambaci ƙauye, an ambaci ƙabila. Mai yiwuwa gaskiya ne, don akan yi. Mai yiwuwa kuma gyauro ne. Mun ga abin da ya faru a Logon-Birni a Disamba 2021, inda rikici a kan ruwa tsakanin makiyaya da masunta ya kai ga ƙone ƙauyuka, ya shiga har Kusiri, dubun dubatan mutane suka ƙetara Chadi. Magana zarar bunu ce. In muna da zargi, akwai hanyarsa: dokar ranar 3 ga Yuli 1978 ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a ƙarƙashin superfe. Takardar likita ita ce shaidar da za ta tsaya mana a can. Saƙon murya mai zagi kuwa shaida ce a kanmu.

Fatake da dillalai, ku ma kun san ciwon. A ce an watsa cewa shanun wani yanki na mutuwa, ba a faɗi gyauro ne a gona guda ba. Ranar kasuwa mai saye zai ja baya, farashi ya karye, mutumin da ya koro lafiyayyun dabbobi kwana uku ya koma da su ko ya sayar da asara.

ƘA'IDAR DA MUKE NEMA MU RIƘE

Ba cewa muke a yi shiru ba. Wanda ya ga tururubi a burtali ya ƙi faɗa, ya ci amanar na bayansa. Abin da muke nema shi ne duk gargaɗin da zai fita daga wayar ɗayanmu ya ɗauki abu biyar. Mai magana ya faɗi sunansa da na arɗonsa. Ya faɗi wurin daidai, da sunan mayo ko ƙauyen da ke kusa. Ya faɗi rana da wata a cikin muryar, don kada saƙon bana ya dawo baɗi a matsayin sabo. Ya bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Sannan ya ɗauki hoton tsiron gaba ɗaya, ganye da fure da 'ya'ya, don suna ɗaya kan hau tsiro biyu, kuma abin da Bahaushe ke kira da wani suna, Bafillace da nasa.

Abu uku kuma mu bar su. Kada a ambaci mutum, ko ƙauye, ko ƙabila da zargin guba. Kada a ba da umarnin yanka ko ɗuri ta waya. Kada a tura saƙon da ba shi da suna da rana, ko da daga ɗan'uwa ya fito. Wanda ya buɗe zaure a WhatsApp shi ne mai gidan, ya goge abin da ya saɓa wa wannan, ya kira mai shi ya yi masa nasiha. In likita ya gano dalili, a watsa sakamakon a duk inda labarin farko ya shiga.

ROƘONMU GA HUKUMA

Daga ƙarshe, muna da magana da ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA. Malamin dabbobi ma'aikacin gwamnati ne, kuma dokar aikin gwamnati ta ranar 7 ga Oktoba 1994 ta ɗora masa kame baki da riƙe sirrin aiki. Mun yarda da hikimar wannan. Bai kamata kowane ma'aikaci ya hau Facebook ya shelanta annoba ba tare da an gwada ba. Amma an rubuta wannan doka shekara 15 kafin a ƙirƙiro WhatsApp a 2009, kuma gyauro ba ya jiran takarda ta je Yawunde ta dawo.

Saboda haka muna roƙon a raba abu biyu a rubuce. Shelar annoba ta zauna a hannun manya, bayan LANAVET ta tabbatar. Gargaɗin tsiro mai dafi kuwa, wanda ba sirri ba ne, a ba shugaban kowace cibiyar dabbobi izinin ya yi shi nan take, da muryarsa da sunansa, cikin Fulatanci da Hausa, don yawancinmu ba ma karanta Faransanci. A yi shi kafin lokaci: na gyauro da kaka, na tururubi lokacin ƙunar daji, na samberu da tumfafiya da bazara. A kuma liƙa lambar wayar cibiyar a kowace kasuwar shanu. In muka saba jin muryar da muka sani, ta wanda ba mu sani ba ba za ta firgita mu ba.

Mu kuma namu alkawarin shi ne mu kira shi da wuri, kada mu ɓoye mushe, kuma mu kai shanu rigakafi in an yi shela.

Iyayenmu arɗo-arɗo, muna roƙon ku isar da wannan ga waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman samarin da ke bin shanu, don wayar a hannunsu take. Allah ya kiyaye mana dukiya, ya ba mu rani mai sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya.