Ƙaddara da Zaɓi: Matsayin Malamin Makaranta

 



An nemi in yi magana a kan ƙaddara da zaɓi. Wani zai ce wannan batu na malaman tauhidi ne, me ya haɗa shi da alli da allo? Abin da ya haɗa su shi ne kalmar da ake yawan ji a ofishin malamai ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, ko ranar da aka cire yarinya daga aji: "Ba rabonta ba ne." Bahaushe ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma shi ne dai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda malami ya ɗauka cikin karin maganan nan biyu yakan yanke yadda zai shiga aji gobe.

Muhawarar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na farko bayan hijira Ma'abad al-Juhani ya fito a Basra yana cewa babu wata ƙaddara da ta rigayi aikin bawa, aka kira masu wannan ra'ayi Ƙadariyya. Daga baya Mu'utazila suka tafi a kan cewa bawa shi ke halittar aikinsa, domin a ganinsu adalci bai yarda a hukunta mutum kan abin da bai ƙaga ba. A ɗaya gefen kuma Jahm bin Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira, ya ce mutum tilasta shi ake yi, ba shi da iko ko kaɗan. Su ne Jabariyya. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324, ya kawo bayanin kasabu: Allah ke halittar aiki, bawa ke tsiwirwirarsa da nufinsa, kuma a kan wannan ake yi masa hisabi. Wannan aƙida ta iso zaurukan ƙasar Hausa ta littattafan Shehu Muhammad as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Ko da malaman Sunna sun saɓa wajen lafazi, sun haɗu a kan abu biyu: Allah ya san kome kuma ya rubuta shi, bawa kuma yana da nufi da iko. Hujjar da suke kawowa kowa yana iya gwada ta a jikinsa. Hannun mai karkarwar zazzaɓi yana motsi, hannun mai ɗaga alli ma yana motsi, amma babu mai hankalin da bai san bambancinsu ba.

Turawa ma sun yi tasu. A 1814 Laplace, masanin lissafi na Faransa, ya ce da akwai wani hankali da ya san wurin kowace ƙwayar halitta da ƙarfin da ke motsa ta, da ya lissafa gobe kamar yadda ya san jiya. Tun kafin shi, a 1748, David Hume na Sikotilan ya ce 'yanci bai ci karo da sababi ba, domin mai 'yanci shi ne wanda ya aikata abin da ya nufa ba a ɗaure shi ba. A 1983 Benjamin Libet na Amurka ya auna ƙwaƙwalwar mutane, ya ga tana fara shirin motsa hannu ɗan lokaci kafin mutum ya ji ya yi niyya. Har yau masana suna jayayya kan ma'anar wannan gwaji, kuma motsa hannu a ɗakin bincike ya yi nisa da shawarar uba ta barin 'yarsa ta gama sakandare.

Tarihinmu ya ba mu misali da ya fi kusa da mu. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji labarin cutar a hanya, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya amsa da misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Kowane makiyayi da ke shigowa kasuwar Maigatari ya san gefen da zai zaɓa. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: ana fakewa da ƙaddara don samun haƙuri bayan masifa ta auku, ba a fakewa da ita don wanke sakaci.

To, 'yan'uwa, kuskure biyu ke jiranmu a makaranta. Na farko shi ne jabariyyar ofishin malamai: yaro ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, a ce daƙiƙi ne, haka Allah ya yi shi, a mayar da shi bencin baya. Wa ya ga Lauhul Mahfuzi har ya karanta cewa yaron nan ba zai yi karatu ba? Mai faɗin haka ya yi da'awar sanin gaibu, ya kuma sauke wa kansa nauyi. Na biyu shi ne ƙadariyyar bulala: a ɗauki yaro kamar shi ya zaɓi duk halin da yake ciki. Ran Alhamis aji ya rage saboda kasuwar Maigatari. Da kaka ana neman hannu wajen yankan riɗi da ɓarar zoɓo. Wani ya zo bai karya ba, wata sai ta gama talla. Ɗan shekara tara bai zaɓi gidan da aka haife shi ba, bai zaɓi ruwan damina ba. Nan masu cewa sababi ke tuƙa mutum suna da gaskiyar da ya wajaba mu ji, domin tana hana mu zalunci.

Abin da nake so mu tafi da shi shi ne cewa malami kansa yana cikin sababan da Allah ke gudanar da rayuwar yaro ta hanyarsu. Talauci sababi ne, nisan makaranta sababi ne, kai ma da kake tsaye gaban allo sababi ne, kuma a cikinsu duka kai ne wanda za a tambaya. A 1968 Rosenthal da Jacobson sun wallafa bincikensu a wata firamare a Kalifoniya: sun gaya wa malamai cewa wasu yara na gab da bunƙasa, alhali da ƙuri'a aka zaɓo su, kuma a ƙananan azuzuwa yaran suka fi takwarorinsu ci gaba. An soki yadda aka yi awon, amma darasin bai ɓoyu ba: zaton malami yakan shiga cikin abin da yaro ke zama. Idan ka ce ba rabonsa ba ne ka daina duba littafinsa, da hannunka ka cika maganarka.

Saboda haka a duba rajista a ga su wa ke ɓacewa ran kasuwa da lokacin girbi, a je wa mai unguwa da kwamitin kula da makaranta tun abin bai yi nisa ba. A ware wa wanda bai iya karatu ba ɗan lokaci bayan tashi. A yi magana da uwa da uba kafin a sa ranar aure. Wannan ƙa'ida kuma ta hau kan hukuma kamar yadda ta hau kanmu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Ajin da iska ta yaye rufinsa har damina biyu, da makarantar da malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa uku, shawarar mutane ce ta bar su haka, kuma haƙƙin ƙungiyarmu ne ta faɗa da ladabi, ta kuma ci gaba da faɗa.

Idan mun yi iyakar ƙoƙarinmu yaro ya faɗi, ko ajali ya ɗauke shi, sannan mu ce Allah ya ƙaddara, zuciya ta natsu. Kafin nan, aiki ne a gabanmu.

Allah ya sa albarka a cikin aikinmu, ya shirya mana ɗalibanmu, ya mayar da kowa gida lafiya.