"Sai Kana Da Hanya": Wace Irin Hanya?



Yau maganar da ake yi a kowace majalisa za mu taɓa: ƙasar nan sai kana da hanya. Ba zan musa ba. Da na gama bautar ƙasa na dawo Kankia, shekara biyu na yi ina yawo da takardu a leda. Akwai ma'aikatar da na je sau uku, ashe tun kafin a liƙa sanarwa an gama raba guraben. Mai uwa a gindin murhu dai ba ya cin tuwo gaya.

Amma aikin farko da na samu bai zo ta hannun aminaina ba. Mu goma muke zama wurin mai shayi kullum, abin da na ji shi suka ji. Wani malami ne ɗan Kusada, a mota muka haɗu za mu Kano, muka karɓi lambar juna, shi ke nan. Bayan wata huɗu sai ga saƙonsa a WhatsApp: ana neman masu tattara bayanai a ƙauyuka, gobe za a rufe. Bai yi min alfarma ba fa, jarabawa na zauna kamar kowa. Labari kawai ya ba ni.

Daga baya na ci karo da binciken wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, na shekarar 1973. Ya gano cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, akasari mutumin ba na jikinsu ba ne, wanda suke gani jefi-jefi ne. Dalili? Shi yana shiga inda ba ka shiga.

To a nan nake so mu rarrabe. Wanda ya ce maka "ga dama can, je ka gwada" ya yi zumunci. Wanda ya goge sunan wani ya sa naka, haƙƙin mutum ya ɗora maka, ko da kawunka ne. Mu matasa muna zagin wannan ɗabi'a da rana, da dare kuma muna kiran Honarabul. Ni ma na taɓa kira, kar ku ce na fi ku.

Waɗanda suka fi damuna su ne marasa kowa. Lokacin da aka buɗe N-Power a 2016 ta intanet ake cikewa. Na san wata ƙanwarmu a ƙauye, tana da NCE, sai da aka rufe ta ji. Ba wanda ya hana ta, ba kuma wanda ya gaya mata.

Don haka ga roƙona a wannan makon. Duk sanarwar aiki ko tallafin karatu da ta shigo wayarka, in ka tabbatar ta gaskiya ce, tura wa mutum ɗaya da ba ya cikin majalisarku. In ba shi da babbar waya, kira shi ka karanta masa, har da ranar rufewa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.